Kwanon Da Na Mayar Cike

Unguwar Faisal, Alƙahira, 2013

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan alhamdu lillahi, zazzaɓin ya sake ni.

Yaya, na yi abin da Inna ta hana mu, na mayar wa maƙwabciya kwanonta cike. Luz ce, 'yar ƙasar Filifin da ƙofarta ke kallon tamu. Da ta ji ina kwance, sai ga ta da romo mai zafi da taliya a ciki, ƙamshin tafarnuwa da citta ya cika ɗaki. Ta ce a garinsu shi ake ba marar lafiya, wai wajen 'yan Sin kakanninsu suka koya. Har na ɗauki cokali, sai na tambaye ta ko romon mene ne. Ƙashin alade! Ita a zatonta tunda ta tsame naman, shi ke nan. Kuma har unguwar Shubra mai nisa ta je nemansa, ta wuni tana dafawa.

Na ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ba ma ci." Ta ɗauki kwanonta ta fita. Yau kwana huɗu ba ta leƙo ba.

Sha dai ba zan sha ba, amma ba zan rasa maƙwabciya a kan romo ba. Na sayo ƙashin saniya. Gobe in sha Allahu zan kamo hannunta, ta koya mini a tukunyata, mu sha tare. In ta ƙi buɗewa, a bakin ƙofarta zan zauna.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kar ki ba ta labarin kwanon nan sai na gyara.

Ƙanwarki,
Hajara