Rogona Ya Warke

Uganda, 9 ga Nuwamba

Yaya Lusungu,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya yara? Ina fatan ruwa ya sauka a can gida Nkhata Bay. Ni lafiya lau, har na saba da tuwon ayabar mutanen nan.

Makon jiya baƙi uku suka zo auna koyarwa da binciken sashenmu na cututtukan tsirrai, don a san ko za a rufe shi. Jami'a ta ce a gyara ko'ina. Baba Ssekandi mai kula da lambu ya shiga rumfar gwajina, ya tarar da rogon da na sa wa cuta a tukwane, ganye duk ya ƙanƙance. Ya tuge ya ƙone, ya dasa mai kyau daga gonarsa. Shekara uku ina rainon cutar nan, a kanta digirina yake.

Da na tambaye shi ya ce, "Ɗana, so kake baƙi su ga wannan abin kunya?" Na ce an gode. Ya girmi mahaifinmu, me zan ce masa?

Baƙin sun yaba da tsabta. Da ɗayarsu ta tambaya ina cutar da muke bincike, shugaban sashe ya ce shayi na hucewa.

Ba wani abin damuwa ba ne, sai dai ba zan zo Kirsimeti ba, wataƙila har na baɗi. Ki aiko min da busasshen kifi in an samu mai zuwa. In Mama ta tambayi karatu, ki ce mata rogona ya warke.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Wongani