Taswirar da Na Bayar Aro Aka Yanka Maƙabartarmu da Ita

Ɗanjuma Sale,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Bayan firamare, Rafin Gora,
Ta hanyar Jiwa, Abuja.
4 ga Maris, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Ofishin Tsara Unguwar Ƙananan Masana'antu ta Rafin Gora.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ARON TASWIRATA DA BAYAR DA MAƘABARTARMU GA MASU BUGA BULO

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena.

1. Kafin a kafa injin ruwan leda na farko a nan a 2006, Rafin Gora gonakin doya ne da dawa. Rafi ya raba su biyu, maƙabarta tana kan tudun gabas. Shekara goma sha tara ina bin dattawa a ƙafa ina zana taswirar wurin: gonar wa ce wannan, ina ruwa ke bi da damina, wa ke kwance a ina. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, abin da suka sani kuwa a wannan takarda kaɗai ya rage.

2. Ranar 4 ga Oktoba, 2023, jami'inku Nazeer Uthman ya zo gidana. Ɗalibina ne, ni na koya masa riƙe rula, bai kuma iya da wuri ba. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce za a faɗaɗa unguwar, yana son aron taswirata don a kewaye maƙabarta kafin katafila ta iso. Na miƙa masa taswirar, na raka shi har mota ina sa masa albarka.

3. Ranar 19 ga Fabrairu aka liƙa sabon tsari a allon ofishinku. Gonakin da na rubuta wa "magada ba sa gari" su aka fara rabawa, bi da bi, yadda na jera su. Na rubuta haka ne don a nemo magadan, ba don a gane inda babu mai tsawatarwa ba. Maƙabarta kuma ta zama fili na 46 zuwa 52, an ba wani kamfanin bulo.

4. Sau biyar ina zuwa ofishinku, kullum a ce mini oga yana mitin. Nazeer ya daina ɗaga wayata. A gari kuwa ana cewa ni na nuna hanya. Jiya Magdalene, wadda mahaifinta ya riƙe hannuna ya nuna mini kabarin kakansa, ta hango ni ta canza layi. Ban ga laifinta ba. An ci amanata, ranka ya daɗe, kuma da hannuna aka ci tasu. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Saboda haka ina roƙonka cikin ladabi ka dakatar da sharar wurin da aka sa ranar 25 ga Maris, ka sa a dawo mini da taswirata, ka kuma turo wani jami'i, ban da Nazeer, mu hau tudun tare. Kaburburanmu ba su da allon suna, amma na san kowanne. Za mu fara da fili na 49, inda tsarinku ya ce a zuba yashi. Matata Iyatu ce a wurin.

Allah ya ƙara maka girma da adalci.

Naka cikin biyayya,
Ɗanjuma Sale