Ƙwayar Gero Ɗaya Cikin Buhu Tamanin da Uku

Dogon Dutsi, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Luƙman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa maka sanyin Italiya da kewar gida. Mu nan sai godiya. Na je Matankari ranar Asabar, na tarar Inna ta ji sauƙin gwiwarta, saura kwanaki kaɗan ta fita takaba. Ɗan'uwanmu Buba ya fara girbi a gonar Baba, ya ce geron bana ba laifi duk da ruwan ya ɗauke da wuri. 'Yata Salma ta shiga lise, babbar sakandare, kuma tun yanzu ta fara cewa lissafin da nake koya wa yara a lakwal, 'yan firamare, wasan yara ne. Na ce jinin kawunta ne, Allah Ya shirya.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannu daga mai surutu irina, alhali waya na hannuna. Na gwada kiranka sau biyu, bakina ya ƙi ɗaukar maganar. Mijina Is'haƙa ya gaya mini abin da ka rubuto masa, cewa ƙarshen watan nan za ka shaida wa malaminka ka ajiye binciken, saura shekara ɗaya ka gama, ka dawo gida ka nemi aikin da mutane za su ga amfaninsa. Bai ce don me ba, ni ma ban tambaya ba, domin na san don me. Ranar da Baba ya rasu, da ka kira kana kuka, ni ce na ce maka ya tafi bai san amfanin karatunka ba, kana can kana auna zafin duniyar da ta huce tun fil azal, ubanka na nan yana tari. Magana zarar bunu ce. Amma abin da ya fi damuna, maganar nan ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗarta.

Ka tuna zuwanka na kakar bara, da Baba ya tsare ka a zaure ya ce sai ka gaya masa abin da kake karantawa da Hausa, ba da Faransanci ba? Ina nan ina tsince wake, na ji komai. Ka ce a farkon halitta duniya ta yi zafin da ya wuce duk wutar maƙera, har ƙarfafan da muke gani daban-daban yau a haɗe suke kamar narkakken ƙarfe. Ka ce a cikin zafin nan kowace ƙwayar abu tana da akasinta, in sun haɗu su cinye juna su zama haske. Da a ce adadinsu daidai yake, da babu dutse, babu gero, babu mu. Sai dai a cikin kowace miliyar guda, wato miliyan dubu, an samu rarar ƙwaya ɗaya, kuma daga rarar nan aka yi duk abin da ido ke gani. Aikinka shi ne lissafin yadda zafin ya sauka, ko za a gane inda rarar ta fito, don ƙa'idodin da aka sani ba su kai su ba da ita ba. Baba ya ce to madalla, ya tashi ya yi alwala. Kai ka ɗauka bai gane ba. Ni ma haka na ɗauka, har na yi maka dariya a gaban Buba.

Ashe tsohon ya riƙe abin. Da rani ya yi, sai Inna ta aiko mini cewa in zo in ga ubana, ya shimfiɗa buhu a inuwar itacen bedi yana ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya, maƙwabta har sun fara raɗe-raɗin iskoki sun taɓa shi. Na je na same shi da ƙaramin gwangwanin tumatir da tsakuwoyi, kowace ɗari ya ajiye tsakuwa ɗaya, sanda a gefe saboda kaji. Ya ce shi bai san miliyar ba, kuma ba ya yarda da abin da bai auna ba. Kwana huɗu ya yi, sau ɗaya zakara ya ɓata masa ya sake daga farko. Ya samu dubu bakwai da ɗari da arba'in a gwangwani. Ya auna gwangwani arba'in da biyu a tiya, tiya arba'in a buhu, sannan ya miƙo mini bik na rubutu ya ce malama, ga naki. Na buga, miliyar ɗin ta fito buhu tamanin da uku da 'yan kai. Ya sa na maimaita. Ya daɗe yana kallon rumbunmu, ya ce ko shekarar da ta fi kowace albarka bai taɓa ganin rabin haka ba, a ce duk a ƙone, ƙwaya ɗaya ta tsira, kuma ita ce mu.

Kai ba a haife ka ba lokacin yunwar tamanin da huɗu, ni ina da shekara shida. Baba ya cika gora da irin gero, ya toshe bakinta da toka da laka, ya binne a ƙarƙashin gadonsa. Muna kwana da yunwa, Inna ta yi faɗa har ta gaji, bai tono ta ba sai da ruwa ya sauka. Geron da Buba ke yanka yau jikan wannan gorar ne. Shi ya sa maganarka ta shige shi fiye da yadda ta shige ni mai takardar shaida. Ya ce shi ya san rara ba ta zama da kanta, ikon Allah ne, amma Allah kan sa sababi, kamar yadda Ya sa gora da toka. Ya ce in ɗauki muryarsa a waya in aika maka, yana da tambaya.

Na ɗauka, Luƙman, ban aika ba. A makon ne na roƙe ka ka zo saboda tarin Baba, ka ce kana da taro ba za ka samu ba sai hutu, raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata bari ka ɗan ji shirun gida kai ma. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, zan faɗa tunda na fara. Ni ce na koya maka ƙidaya da 'ya'yan kanya a tsakar gida, ni ce ta ɗaya a lissafi a ajinmu, na tsaya na kama aiki don ku wuce, kuma ban taɓa ganin Baba ya ɓata kwana huɗu a kan wata magana tawa ba. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Sau uku yana tambayata ko ka amsa, ina ce masa aiki ya yi maka yawa. Na ukun ya ce ba komai, tambaya mai wuya ba a amsa ta da gaggawa, a ƙyale yaro ya yi tunani. Kullum ina cewa gobe zan aika, kunyar jinkirin tana ƙara hana ni, har aka yi shuka, har aka kira ni da hantsi aka ce in zo. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka, na ɗora maka abin da ni na yi.

Ba zan ce ka yafe mini yau ba, wannan naka ne, ka ɗauki lokacin da kake so. Abu ɗaya nake roƙo: kada ka je wurin malaminka sai ka saurari saƙon. In bayan ka ji har yanzu kana son dawowa, ɗakinka na nan, kuma garin nan na bukatar malamai, ba mai cewa ka yi asara. Amma kada ka ajiye don maganata. Ba ta Baba ba ce. Ga tasa, na rubuta maka yadda ya faɗe ta, ko da tarin ya hana ka ji sosai: "Auta, na ƙilga, na ga yawan abin. To mi as sa guda tar ragu? Ina anka ɓoye ta har wutar tah huce? In ka gano, ka hwaɗa mini. In ba ka gano ba, kak ka ji kumya, ka bar ma na bayanka iri."

Inna na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci mai zafi. Buba da Rahina da yaransu, Is'haƙa, Salma da Gwaggo Zubaida ta Kiyeshe duk suna gaisuwa. Ba wanda ya san abin nan a cikinsu, ranar Asabar zan gaya wa Inna da bakina.

Zan ɗauki hoton takardar nan in tura maka tare da muryar. Minti biyu ce da 'yan daƙiƙoƙi. Na so in yanke ƙarshenta, na fasa, don na manta ban kashe wayar ba a ranar. Za ka ji ya gyara murya, yana nufin tambayarsa, ya ce, "Ta tahi?" Muryar da za ka ji ta ce, "Ta tahi, Baba," tawa ce.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ka ikon abin da ya fi alheri.

Taka yayarka,
Zalihatu Sallau