Kada Direba Ya Tafi da Kwamfutar, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya sa kana lafiya, ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa kaji faɗa.

Saƙonka ya iso, cewa a ba direba tsohuwar kwamfutarka ran Asabar ya kai maka. Ka san yadda mai maɗaba'a ya sallame ni daga aikin zana kati da mutane suka koma aika gayyata ta waya, aka daina buga kati. Da kwamfutar nan na koyi zana fuskar manhaja, wato abin da mutum ke gani yana dannawa a wayarsa. Yanzu wani kamfani ya ba ni gwaji, in zana shafukan da tsofaffi za su riƙa kiran likita. In ya yi, su ɗauke ni aiki.

Hannuna ya saba da ado. Zanen farko, shugabar masu zanen kamfanin ta ce ya yi kyau kamar labulen falo, amma ba wanda zai san inda zai danna. Sai na mai da Inna alƙaliya. Dokar aikin ita ce ka miƙa wayar ka kame bakinka, ba nuni. Ta yi ta dangwalar furannin da na ƙawata shafin da su tana cewa likitan nan kurma ne. Haka na riƙa cire furannin ɗaya bayan ɗaya, raina na ƙuna. Jiya ta danna daidai ba ta tambaye ni ba, na shige ɗaki na yi kuka.

Yaya, sauran shafukan ba su kammala ba, sai ƙarshen wata zan miƙa, kuma ba ni da wata na'urar. Kada ya zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Don Allah ka ƙara mini haƙuri. Ban taɓa roƙonka komai irin wannan ba.

Ka gaida Anti da 'Yar Baba da Auta. Inna na gaishe ka. Ta riga ta tura kwamfutar ƙarƙashin katifarta, ta ce mai so ya zo ya ɗaga ta da kansa. Ni dai amsarka nake jira kafin Asabar.

Ƙanwarka,
Mai Fenti