A Tawa Tana Aiki

Litinin, 3 ga Maris

Da safe na buɗe shagon hoton Kawu, na kunna sabuwar kwamfuta, na shiga foldar hotunan mutane. Fara fat. Na rufe na sake buɗewa, na goge gilashin da gefen rigata kamar ƙura ce ta rufe su. Innalillahi.

Jiya ne na ɗora 'yar manhajar da na rubuta da hannuna, mai jera hotuna. Ta shekara tana aiki a tsohuwar kwamfutata ba ko tari.

Talata, 4 ga Maris

Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Injiniya, har da na matar direba?"

Har da su. Hotunan marigayi mijinta. Wayarta ta faɗa ruwa, namu ne kaɗai suka rage, tsohuwar kwamfutar shago kuwa an goge ta tas an ba 'yar Kawu.

Na ce ai a tawa tana aiki. Ya ce to in ɗauki kwamfutar tawa in kai wa matar ta rataya a bango.

Laraba, 5 ga Maris

Ban iya cin abinci ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gano. Tawa tsarin Linux ne a kanta, sabuwar kuwa Windows, kowace da yadda take tsara ɗakunanta, wato foldoji. Na ce wa manhajar in ta gama ta shiga ɗakin tarkace ta share, na rubuta mata adireshin yadda yake a tawa. A can babu wannan ɗakin. Ba ta samu ƙofa ba, sai ta share inda take tsaye. Ni kuma ban taɓa gaya mata in ba ta shiga ba ta tsaya ba. Abin da na ce shi ta yi, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Asabar, 8 ga Maris

Mai gyaran waya na kusa da mu ya tono abin da zai tonu daga hotunan da suka goge, yana ta tsokanata wai na haifi 'ya mai biyayya. Na matar direba guda ya dawo lafiya. Marigayin jingine da mota, ido ɗaya a rufe saboda rana.

Matar ta zo. Na ce, "Inna, ni ne na goge su." Ta riƙe hoton ta ce ai shi ne wanda marigayin ya tsana, kullum sai ya ce ta goge. Ta yi dariya, daga nan kuma... na fita waje.

Lahadi, 23 ga Maris

Na sake rubuta manhajar. Yanzu sai ta tambayi kwamfutar ina ɗakin yake, in babu ta tsaya cik. Na gwada a tawa, a ta shago, da hotunan bogi.

Mai gyaran waya ya kawo tasa kwamfutar, wani iri ce daban, ya tambaya ko za ta yi. Na buɗe baki zan ce a tawa tana aiki, abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba, sai mun gwada."

Ba wani abu ba ne. Amma Kawu ya ɗago kai. Shi ya ji, mai gyaran waya ya ji, da Inna da ta zo karɓar hoton a firam.