Zanen da Aka Tono Daga Laka

Darrasa, Alƙahira
4 ga Maris

Zuwa ga mahaifina, Malam Sulaimanu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Inna da sauran mutanen gida. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, mun yi baƙuwa a ɗakin gyaran tsofaffin littattafai inda nake aiki ƙarƙashin Ustaza Rawan. Sunanta Mirlande, daga Haiti, wata ƙasar baƙar fata can cikin teku wajen Amurka. Ba ta jin Larabci, sai aka sa ni tafinta. Faransancin da na koya a Damagaram ya yi rana.

Makarantar koyon zane take da ita a garinsu. Girgizar ƙasa ta rushe ta, ruwan sama kuma ya sauka kan ɓaraguzan. Da hannu ita da ɗalibanta suka tono abin da ya saura. Ta zo da zane goma sha biyu, sun manne da juna, duk laka da fumfuna. Ustaza ta duba ta ce ma'alish, wato sai haƙuri, waɗannan sun mutu. Ni kuwa na ce a ba ni mako uku. Na taɓa raba shafukan da suka fi su lalacewa.

A sa ni a addu'a.
'Yarka, Ummul-Khairi

29 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ina fatan kun ji sauƙin zafin nan.

Tara sun tsira, uku sun gagare ni. Na ƙarshen da na ɓamɓare zanen kasuwar garinsu ne, aikin mijinta, wanda ginin ya faɗa wa. Mirlande ta ɗora yatsa tana faɗa mini sunayen matan da ke ciki, wadda ke raye da wadda ta rasu. Ta daɗe a zaune ba ta tashi ba.

Akwai sama da ɗari huɗu irinsu a can. Sun ɗora wa sabon ginin makarantar rufi, amma babu mai gyaran zanen. Ta roƙe ni in je in koya wa ɗalibai shida. Na san alkawari na yi maka zan dawo gida bayan Sallah, shi ya sa ban amsa mata ba. Amma Baba, na iya aikin nan, kuma ina son zuwa. Izininka nake nema.

'Yarka mai biyayya, Ummul-Khairi

12 ga Afrilu

Baba,

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Yaya Khalilu ya isar mini da saƙonka. Ya ce ka ce in tafi, amma kada in dawo sai ɗaliban nan shida sun iya aikin ba tare da ni ba. Sharaɗin ya fi yadda na zata nauyi. Na karɓa.

A lallasar mini Inna. Ranar Laraba za mu tashi, ni da Mirlande.

'Yarka, Ummul-Khairi