Awa Tara Tsakanina da Inna

Larnaka, ranar Lahadi

Yaya Bimala,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, tana taka ƙafar kuwa? Ki gaishe mini da maigidanki da yara.

Ni lafiyata ƙalau, kada ki damu. Bayana ne kawai ke ɗan ciwo, don tsohuwar da nake jinya ba ta iya tashi, sai na ɗaga ta.

Kin ce Inna tana tambaya ko nan da Katmandu da nisa. Na tambayi ɗan tsohuwar, ya duba wayarsa ya ce, "Awa tara ne a jirgi, ban da jira a Doha. Ai kusa ne." Na ce to, bari in je gida bikin Dashain, babban bikinmu na shekara, in dawo. Ya yi dariya ya ce, "Wa zai ɗaga mini uwa?" Shekara uku ke nan ina jin wannan amsar, har na gaji da roƙo. Kada ki faɗa wa Inna awa tara ne, za ta koma zaman bakin ƙofa. Ki ce mata da nisa ƙwarai.

Na ba ƙawata Sunita da za ta zo gida man zafi ta kawo, ki riƙa shafa wa Inna da safe. Sannunki da ɗawainiya, Yaya.

Jiya ina taje wa tsohuwar kai, ta riƙe hannuna ta kira ni da sunan 'yarta. Na amsa. Idan Inna ta kira ki da sunana, ke ma ki amsa.

Ƙanwarki,
Fulmaya